Tambaya da Amsa: Wane saƙon na'ura ne ya isa ya tashe ka daga barci?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: log, wato rajistar da rauta ko suwic ke rubuta abin da ya same su a ciki, da kuma saƙonnin faɗakarwa da ke zuwa waya ko imel. Na zaɓi biyar. Ta farkon za ta ci mana lokaci, domin amsarta ce ginshiƙin sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da netwok ɗin wani ƙaramin kamfani, muna da rauta ɗaya da suwic shida, duk na Cisco. Na haɗa su da uwar garken da ke karɓar log, na sa ta riƙa turo mini imel a kan duk abin da ya shigo. Kafin kwana uku akwatina ya cika, har na daina buɗewa. Sai wani abokin aikina ya ce in rubuta logging trap warnings a kowace na'ura. Na yi, saƙonni suka ragu ƙwarai. To makon jiya wani ya taɓa saitin wani suwic, rabin ofis ya rasa intanet, na je uwar garken in ga wanda ya yi, ban tarar da komai ba. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abokin naka bai yi maka ƙarya ba, umarnin yana rage surutu, sai dai bai gaya maka abin da zai tafi tare da surutun ba.

Tsarin da na'urorinka ke bi sunansa syslog. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 domin manhajarsa ta aika imel, Sendmail, sai sauran manhajoji da masu ƙera na'urori suka ɗauka. An daɗe ana amfani da shi ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, sai a 2001 aka tattara abin da mutane suka saba yi a takardar RFC 3164 (RFC jerin takardu ne na ƙa'idojin intanet), a 2009 kuma RFC 5424 ta zo da sabon tsari. Duka biyun sun yarda da matakai takwas, daga 0 zuwa 7, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar masifa. Mataki na 0 yana nufin na'ura ta kai inda ba ta moruwa. Na 1 yana cewa a ɗauki mataki nan take. Na 2 hali ne mai tsanani, na 3 kuskure, na 4 gargaɗi. Na 5 abu ne da ba matsala ba amma ya kamata a lura da shi, na 6 bayani ne kawai, na 7 kuma na masu bin diddigin matsala ne, wanda muke kira dibog.

In ka zaɓi mataki, kana cewa na'ura ta turo wannan matakin da duk wanda ya fi shi tsanani. Kalmar warnings da ka rubuta ita ce 4, don haka ka buɗe ƙofa ga 0, 1, 2, 3 da 4, ka rufe wa 5, 6 da 7. Yanzu dubi saƙon da kake nema. Duk sanda aka shiga saitin na'urar Cisco aka fita, takan rubuta layin da ke farawa da %SYS-5-CONFIG_I, tare da sunan wanda ya shiga da inda ya shigo. Ka ga lambar da ke tsakiya? Ita ce matakin. Biyar. Suwic ɗin bai ɓoye maka komai ba, kai ka ce kada ya turo.

Ba shi kaɗai ke zaune a mataki na 5 ba. Saƙon cewa na'ura ta sake kunnuwa, %SYS-5-RESTART, yana nan. Saƙon cewa rauta ta rabu da maƙwabciyarta a OSPF ko BGP, wato tsare-tsaren da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da su, shi ma 5 ne, alhali wannan na iya nufin reshe guda ya yanke daga hedikwata. A ɗaya gefen, %LINK-3-UPDOWN mataki na 3 ne, wai kuskure, kuma yakan fito duk sanda ma'aikaci ya kashe kwamfutarsa zai tafi gida. Ka ga abin da nake son ka gane: lambar nan ra'ayin injiniyan da ya rubuta manhajar ne, wanda bai taɓa ganin ofishinku ba. Takardun RFC sun ba matakan suna, ba su ce wane lamari zai zauna a wane mataki ba. Na'ura ba ta san cewa kafa ta 24 ita ce ta haɗa ku da duniya, kafa ta 7 kuma firinta ce da ba wanda ya damu da ita ba. Faɗuwar kowacce 3 ce a wurinta.

Kuskurenka na farko da na biyu tushensu ɗaya: ka haɗa aiki biyu a makunni ɗaya. Rubutawa daban, tayar da mutum daban. Rubutawa ana son ta da yawa, domin ba ka san abin da za ka nema ba sai ranar ta zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tayar da mutum kuwa ana son ta kaɗan, don in ta yi yawa ido yakan saba, kamar yadda ka daina buɗe imel. Saboda haka ka bar na'ura ta turo da yawa, ka yi tacewar a uwar garke.

Ga yadda ni nake yi. Na'urar Cisco tana da wurare huɗu da take zuba log, kuma kowanne da matakinsa: kafar konsol da ake jona waya kai tsaye, allon wanda ya shigo daga nesa ta SSH, ɗan rumbun da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, da uwar garke. Zuwa uwar garke ina barin mataki na 6, wato logging trap informational, wanda da ma shi ne saitin da na'urar ke zuwa da shi. Rumbun cikin na'ura ina faɗaɗa shi, domin a tsofaffin na'urori da yawa bayit 4096 kacal ne, layi 'yan gomomi sun cika shi, sabo ya goge tsoho. Umarni irin logging buffered 64000 informational ya wadatar a ƙaramin wuri. Konsol kuwa ina sauke shi zuwa mataki na 2 ko in kashe shi gaba ɗaya, dalili yana zuwa a amsa ta gaba.

Kafin ka yi komai ma, shiga wancan suwic ɗin ka rubuta show logging. Matakin da ka canza na uwar garke ne kawai, bai shafi rumbun ciki ba. In ba a sake kunna suwic ɗin ba, kuma sababbin saƙonni ba su ture shi ba, layin da kake nema yana iya kasancewa a can har yanzu. Amma kada ka sa rai da yawa. Layin zai gaya maka wa ya shiga da kuma yaushe, ba zai gaya maka me ya rubuta ba. In kana son wannan, sai ka kunna log config a ƙarƙashin archive, ka ƙara logging enable da notify syslog da hidekeys, sai kowane umarni ya tafi uwar garke, kalmomin sirri kuma a rufe. Su ma waɗannan saƙonnin mataki na 5 ne. Kuma in ku duka da suna ɗaya kuke shiga, to log zai nuna maka sunan nan ɗaya, ka koma inda ka fara. A ba kowa sunansa.

Sai maganar abin da zai zo wayarka. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane saƙo: in wannan ya zo ƙarfe biyun dare, akwai abin da zan tashi in yi? In babu, ba shi da hurumin tayar da ni. Layin da ya haɗa mu da mai ba mu intanet ya faɗi, wannan zan tashi. Wayar da ta haɗa suwic da suwic ta faɗi, zan tashi. Fanka ta tsaya ko zafi ya haura, ɗaya daga cikin na'urorin ba da wuta ta mutu, na'ura ta sake kunnuwa ba wanda ya sa ta, an canza saiti a lokacin da ba kowa a ofis: duk waɗannan sun isa. Ka lura wasunsu mataki na 5 ne, don haka dokar tacewar ba za ta tsaya a kan lamba ba, sai ta duba sunan saƙon da na'urar da ta turo shi da kafar da abin ya shafa. Duk abin da ke 0, 1 da 2 ka bar shi ya zo kai tsaye, ba su da yawa. Na 3 da na 4 a tara su a turo maka jimla sau ɗaya da safe. Sauran su zauna a ajiye sai an neme su.

Kafofin da kwamfutocin ma'aikata ke jone kuma, ka sa musu no logging event link-status. Wannan kaɗai zai ɗauke kaso mai yawa na surutun da ya kore ka daga akwatin imel ɗinka. Kada dai hannu ya zarce ka sa shi a kafar da ta haɗa ka da rauta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce, ina koyon wannan aiki. Tunda mataki na 7 ya fi kowanne tattara bayani, me zai hana a bar kowace na'ura a kansa? Kuma me ya sa in na shiga ta SSH ba na ganin saƙonnin da nake gani ta konsol?

AMSA: 'Yar'uwa, ta biyun ta fi sauƙi: rubuta terminal monitor bayan kin shiga, saƙonnin za su fara bayyana, kuma sai kin sake rubutawa duk shigar da kika yi. In suna katse miki rubutu a tsakiyar umarni, logging synchronous a kan layin zai gyara.

Ta farkon kuwa akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Buɗe ƙofa ga mataki na 7 daban, kunna dibog daban. A na'urar Cisco saƙonnin mataki na 7 galibi ba sa fitowa sai an rubuta umarnin debug, shi ya sa konsol ke zuwa a buɗe har mataki na 7 ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da aka kunna dibog ne ake gane cewa a buɗe yake.

Ni na gane da jikina. Ina sabon shiga, wata rauta tana wahalar da mu, na shiga daga nesa da tsakar ranar aiki na rubuta debug ip packet, ba tare da na iyakance shi ga adireshi ɗaya ba. Kafar konsol a saitinta na asali bit 9600 take ɗauka a sakan, wato haruffa kusan 960. Rautar kuma tana ƙoƙarin rubuta layi a kan kowane ƙunshin bayani da ya bi ta ƙwaƙwalwarta, tana tura shi ta wannan siririyar kafa. Cikin sakanni allon ya daskare. Na rubuta undebug all, ko harafi ɗaya bai shiga ba. Sai da aka sami wanda ya je ya zare mata wuta, kuma da ta dawo rumbun cikinta ya goge, don haka ko bayanin da na jawo wa mutane wahala a kansa ban samu ba. Har yau in zan kunna dibog sai na fara kashe log na konsol, in juya shi zuwa rumbun ciki, in iyakance shi ga adireshin da nake bincike, in kuma buɗe taga ta biyu da undebug all a rubuce, yatsa a kan maɓalli.

A na'urorin da aka gina kan Linux abin ya ɗan bambanta, domin wasu manhajoji suna zubo saƙon mataki na 7 da zarar an buɗe musu. In ana rubuta shi a kan ma'adanar filash ta cikin na'ura, yawan rubutu yana cinye ta a hankali. Kuma dibog yakan fallasa abin da bai kamata ya zauna a rajista ba, kamar cikakkun bayanan shigar mutane. Ki ɗauke shi kamar fitilar hannu: a kunna, a duba, a kashe.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni MikroTik nake amfani da ita, ban ga lambobin nan 0 zuwa 7 a shafin log ba. Na sa ta turo mini imel a kan critical, ina ganin shi ne mafi tsanani, amma saƙonni ɗaruruwa ke zuwa kullum, duk na login failure.

AMSA: Tare da naka, Malam. RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautocin MikroTik, ba ta jera saƙonni a tsani kamar Cisco, laƙabi take manna musu, abin da ta kira topics. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi uku. Tana zuwa da dokoki huɗu: info, warning da error suna tafiya rumbun ƙwaƙwalwa, critical kuma yana bayyana a allon wanda ya shiga. Rumbun nan layi 1000 yake riƙewa, kuma yana gogewa in an sake kunna na'urar. Tunda ba tsani ba ne, zaɓar warning ba ya jawo error tare da shi, kowanne sai an yi masa dokarsa. In kuma ka sa laƙabi biyu a doka ɗaya, saƙon da ke ɗauke da duka biyun kaɗai za ta kama. Alamar motsin rai a gaban laƙabi tana nufin ban da shi.

Saƙon kuskuren kalmar sirri yana ɗauke da system, error da critical a tare, shi ya sa yake faɗawa tarkonka. Amma ni ba zan ce ka tace shi ba tukuna. Ɗaruruwan saƙonnin nan suna gaya maka gaskiya: ƙofar shiga rautarka a buɗe take ga duk duniya, kuma akwai manhajojin da aikinsu kenan dare da rana, bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada kalmomin sirri. Je ka IP, ka buɗe Services, ka kashe telnet da ftp da duk abin da ba ka amfani da shi. SSH da Winbox, manhajar saita MikroTik da ke kan kafa ta 8291, ka iyakance su ga adireshin da kai kake shigowa da shi, ko ka toshe su daga waje a katangar tsaro ka riƙa shigowa ta VPN. Da ka yi haka imel ɗin zai yi tsit, kuma ranar da login failure ya sake zuwa, ka san daga cikin gida ne, ya cancanci a duba.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba critical ba ne. Saƙon cewa wani ya yi nasarar shiga yana ɗauke da system, info da account. Info kawai. Wanda ya kasa shiga an yi masa ihu, wanda ya shiga kuwa an rubuta shi a hankali. Ka yi doka ta musamman a kan account, ta tafi uwar garke ko imel.

TAMBAYA: Malam, log ɗin wata na'urata yana nuna shekarar 1970, wata kuma akwai tauraro a gaban lokacin. Yana da illa?

AMSA: Yana da ita. Ƙananan na'urori da yawa ba su da batirin agogo, in wuta ta ɗauke sai su koma lokacin da aka gina musu, 1970 a wasu, 1 ga Maris 1993 a tsofaffin rautocin Cisco. Tauraron nan a Cisco yana nufin na'urar da kanta ba ta amince da agogonta ba. In ɗigo ne a wurin, ta taɓa daidaitawa da NTP, wato tsarin saita agogo ta netwok, amma yanzu ta rasa shi.

Matsalar netwok kusan kullum labari ne da ake haɗawa daga na'urori uku ko huɗu, kuma tambayar ita ce wa ya fara faɗuwa. In agogonsu ya saɓa ko da da minti biyu ne, za ka ɗora laifi a kan wadda abin ya shafa, ka bar wadda ta jawo shi. Ka sa dukkansu su sha daga NTP ɗaya, ka tabbatar katangar tsaro ba ta toshe UDP 123, kafar da NTP ke bi, ba. A Cisco ka ƙara service timestamps log datetime msec show-timezone, in ba haka ba wasu za su ba ka tsawon lokacin da suka yi a kunne maimakon kwanan wata. Tsohon tsarin RFC 3164 ba ya ɗauke da shekara ko yankin lokaci a cikin saƙo, shi ya sa masu rassa a ƙasashe daban-daban ke barin komai a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da reshe da layinsa ke yawan yankewa na sakanni ya dawo, kowane yankewa tes biyu ne a wayata. Amma daren da rautar reshen ta mutu gaba ɗaya, ko saƙo ɗaya bai zo ba, sai da safe ma'aikata suka kira. Ba mataki na 0 ya kamata ta turo ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gawa ba ta sanar da rasuwarta. Mataki na 0 sai na'urar da ke da sauran numfashi take iya tura shi. Wadda wuta ta ɗauke mata, ko abin ba ta wuta ya ƙone, ba ta da lokacin yin wasiyya. Ko da ma tana raye layin ne ya yanke, saƙon da ke cewa layi ya yanke ta wannan layin zai bi. Syslog na gargajiya yana tafiya ta UDP a kafa ta 514, ana jefa saƙo ne kawai, ba a jiran a ji ya isa, ba a sake turawa. Ana iya tura shi ta TCP, ko a lulluɓe da TLS a kafa ta 6514, wannan yana rage ɓacewar saƙo yana kuma hana a karanta shi a hanya, amma ba ya tayar da matacce. Haka saƙon faɗakarwa (trap) na SNMP, tsarin sa ido a kan na'urori, da ke zuwa ta UDP 162: shi ma jifa ne, sai dai nau'insa da ake kira inform, wanda ke jiran amsa ya sake turawa in bai ji ba.

Maganin shi ne kada ka dogara ga na'ura ta kawo ƙara, a sami mai zuwa gaishe ta. Manhajoji irin su Zabbix, LibreNMS ko PRTG suna aika ping ko tambayar SNMP ta UDP 161 duk bayan minti ɗaya ko biyar, in an yi sallama sau uku a jere ba amsa, su sanar da kai. A nan shiru shi ne saƙon. In za ka kunna SNMP, ka zaɓi na 3, domin na 1 da 2c kalmar sirrinsu a fili take tafiya.

Wannan ƙa'ida ta sau uku ita za ta raba ka da tes ɗin da ke damunka. Yankewar sakan biyar ba abin tashi ba ce, kafin ka lalubo wayar layin ya dawo. Ka sa sharaɗi: sai layi ya yi minti uku a ƙasa za a turo tes, kuma ba za a ce ya warke ba sai ya yi minti biyar a tsaye. Sannan ka yi doka ta biyu mai ƙirga: in ya yanke fiye da sau goma a awa ɗaya, a turo saƙo ɗaya tak, da rana. Ruwa ba ya tsami banza, layin da ke rawa haka akwai abin da ke damunsa, ko waya ce ta lalace, ko kan fayiba ya yi datti, ko eriya ta goce, kuma wannan ƙirgen shi ne hujjar da za ka kai wa mai ba ku layin. Haka ake yi wa zafi da nauyin aiki: in ƙararrawa tana tashi a kashi 90, kada ta kwanta sai an sauko 75, in ba haka ba na'urar da ke yawo tsakanin 89 da 91 za ta hana ka barci. Alƙaluman nan nawa ne, ka gwada ka ga waɗanda suka dace da wurinka.

Ka kuma duba hanyar da ƙararrawar kanta ke bi. Na taɓa ganin wurin da uwar garken sa ido take cikin ofis, tana tura imel ta layin intanet ɗin da take gadi. Ranar da layin ya faɗi ta rubuta saƙo da kyau, ya zauna a layin jira, ya iso bayan an gama gyara. A ba ta hanya ta biyu, ko ɗan modem mai layin waya don tes, ko wani mai sa ido daga waje da zai lura in ofishin ya yi shiru.

In ka gama, kada ka zauna jiran ranar masifa ta gwada maka. A kwamfutar Linux da aka saita tana tura log ɗinta zuwa uwar garken, rubuta logger -p local7.crit gwaji, ka ga ko wayarka za ta yi ƙara. In ba ta yi ba, kunna tcpdump, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta netwok, a uwar garken a kan kafa ta 514, ka sa wata rauta ta yi magana, ko da shiga saiti da fita ne. Saƙon zai zo da lamba a gabansa, kamar 189. Ana samun ta ne ta hanyar ninka lambar rukunin saƙo sau 8 a ƙara matakin: Cisco tana amfani da local7, wato 23, sau 8 ya ba da 184, a ƙara 5. In ka ga 189 ta iso amma ba ta shiga fayil ba, laifin yana dokokin manhajarka mai karɓar log, rsyslog ko syslog-ng. In ba ta iso ba sam, ka duba katangar tsaro da adireshin da rautar ke fitowa da shi, wanda logging source-interface ke tsayarwa wuri ɗaya. Daga nan ka zaɓi wata ranar da ba aiki, ka sanar da mutanen reshen, a zare wa rautar wuta da gangan, ka riƙe agogo ka ga minti nawa tes ɗin zai ɗauka.